Waƙoƙi, tafsiri da finafinai sun cika memori: wace manhaja ce za ta tsara su?

A Maradi mafi yawan abin da muke saurare da kallo ajiye yake a salula ko kwamfuta. Wani an turo shi ta WhatsApp, wani ta Xender, wani kuma daga wurin masu turi a kasuwa. Kafin shekara ta zagayo memori ya cika, abin da ake nema kuma ya ɓace a tsakiya.

Mene ne aikin manhajar kunna sauti da bidiyo?

Aiki biyu take yi. Tana buɗe fayil ta kunna shi, sannan tana bin memori ta tattaro abin da ke ciki, ta jera shi bisa sunan mawaƙi ko malami, ko bisa folda. Na farkon kowa ya san shi. Na biyun shi ne mutane suke bari a banza, alhali shi ne ke rage wahala.

Wacce ya kamata in saka?

Ni dai VLC nake ba mutane shawara. Ɗalibai ne suka fara ta a makarantar École Centrale Paris da ke Faransa a 1996, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001, kuma ƙungiyar VideoLAN, wadda ba ta neman riba, ita ke kula da ita har yau. Babu talla a cikinta, ba ta buƙatar intanet kafin ta yi aiki, kuma tana buɗe MP3, MP4, MKV, AVI da FLAC ba tare da an ƙara mata komai ba. Ga mai sayen data da ƴan sefa kaɗan, rashin talla ba ƙaramin abu ba ne, domin talla ma data take ci.

Mai gidan kallo ko mai haɗa kwamfuta da talabijin zai iya duba Kodi, wadda ake kira XBMC kafin 2014.

Me ya sa salula ke rubuta min "Artiste inconnu", wato mawaƙin da ba a sani ba, a kan waƙoƙi da yawa?

Nan ne ainihin matsalar, kuma laifin ba na manhaja ba ne. Kowane fayil na MP3 yana da wani ɗan wuri a cikinsa da ake kira ID3, inda ake rubuta sunan waƙa, mawaƙi, kundi da shekara. Can manhaja ke dubawa. Idan wurin babu komai, sai ta zuba kowa a kwando ɗaya: mai wa'azi, mai kalangu da mai karatun Alƙur'ani.

Abin da ya zo ta WhatsApp ya fi muni, domin yakan sauka da suna irin AUD, sai kwanan wata, sai lamba. Wa zai gane tafsirin daren goma ga azumi a haka? A kwamfuta mai Windows, manhajar Mp3tag tana gyara fayil da yawa a lokaci guda, kuma kyauta ce. Wanda ba shi da kwamfuta ya canza sunan fayil ran da ya karɓe shi, ya sa shi a foldarsa. Aikin minti ɗaya ne a ranar, amma idan aka bari suka taru, sai mutum ya haƙura da su gaba ɗaya, karatu mai daraja ya salwanta yana cikin aljihunsa.

Surori suna fitowa a hargitse, yaya zan yi?

Na'ura da haruffa take jerawa, wasu manhajoji kuma sukan sa 10 gaban 2. A rubuta lamba uku a farkon suna: 001 ga Fatiha, 002 ga Baƙara, har 114 ga Nasi. Haka ma fim mai dogon zango, kashi 01, 02, 03.

Fim yana sauti amma babu hoto, ko yana tsaitsayawa. Ya lalace ne?

Ba lallai ba. Sau da yawa an matse shi ne da tsarin H.265, wanda tsofaffin salula ba sa iya ɗauka. A gwada shi a VLC. In ya ci gaba da tsayawa, a roƙi mai turi ya ba da na H.264, ko mai ƙaramin hoto kamar 480p.

Akwai fili a memori amma ya ƙi karɓar fim. Me ya jawo?

Memori mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, ko da fili ya rage. Sai an mayar da shi exFAT, wanda hakan ke goge duk abin da ke ciki, don haka a kwashe kaya tukuna. A kula kuma da memori na jabu, mai nuna girman da ba shi da shi: yana karɓar kaya, sai an zo buɗewa a tarar sun lalace.

In na goge manhajar, waƙoƙina sun tafi?

A'a, fayilolin suna nan a memori. Jerin da ka haɗa a cikin manhajar ne zai iya ɓacewa. Sai dai ita ma ba ta ajiye maka kwafi, saboda haka karatu da hotunan bikin iyali a sa su a wuri na biyu, a filas ko kwamfutar wani ɗan'uwa.