Satar fasaha ta intanet

Satar fasaha ta intanet ita ce a kwafi waƙa ko fim ko littafi a rarraba wa jama'a ba da izinin mai haƙƙin mallaka ba, ko da wanda ya tura ɗin bai karɓi ko sisi ba. Tushen rigimar shi ne fayil ba ya ƙarewa. In ka ba abokinka kaset to ka rabu da shi kenan, amma in MP3 ka tura masa, kai kana da shi, shi ma yana da shi, kuma kwafi na dubu bai rage kyau ba ko kaɗan.

Abin ya ɓarke sosai a 1999 lokacin da wasu matasa biyu a Amurka, Shawn Fanning da Sean Parker, suka fito da Napster, manhajar musayar waƙoƙi. Waƙoƙin suna kan kwamfutocin mutane ne, kamfanin jerin sunaye kawai yake riƙe da shi yana nuna maka wanda ke da abin da kake nema, to ta wannan jerin aka kama shi. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta RIAA ta maka shi kotu, mawaƙan Metallica ma suka shigar da tasu ƙarar a 2000, a 2001 aka rufe shi. A 2001 ɗin dai Bram Cohen ya ƙirƙiro BitTorrent, wanda ke daddatsa fayil gunduwa-gunduwa, kana saukewa kana kuma tura wa wasu abin da ka riga ka samu. Shafin The Pirate Bay na ƙasar Suwidin da aka buɗe a 2003 a kan wannan tsarin ya zauna, kuma duk da kotu ta yanke wa mutum huɗu masu hannu a shafin ɗaurin shekara ɗaya-ɗaya a 2009, shafin ya ci gaba da ɓullowa.

Gaskiya sauƙin saye ya fi kotu rage satar. Apple ya buɗe kantin iTunes a 2003, waƙa ɗaya senti 99, sai Spotify ya zo a 2008 inda kake jin waƙa kyauta da talla ko ka biya kuɗin wata. Sai dai kuɗin da Spotify ke biya ga masu haƙƙin waƙa yake zuwa, galibi kamfanoni, mawaƙi sai abin da kwantiraginsa ya ba shi, shi ya sa ƙananan mawaƙa ba su daina ƙorafi ba. A ɓangaren littafi Amazon ya fito da Kindle, na'urar karanta littattafai, a 2007, yana kuma ba marubucin da ya wallafa da kansa kashi 70 ko 35 cikin ɗari, ya danganta da farashin da ya sa. Hakan bai hana shafuka irin su Z-Library tara littattafan mutane ba, har hukumomin Amurka suka ƙwace adireshinsa a 2022.

A ƙasar Hausa kuwa ko data ba a buƙata. Ka miƙa wayarka ko memori ga masu turi a bakin kasuwa, a cika maka da waƙoƙi da fina-finai a kuɗi kaɗan, gobe kai ma ka tura wa mutum goma ta Xender. Wannan yana cikin abin da ya durƙusar da cinikin faifan Kannywood a Ƙofar Wambai, har masu shirya fim da yawa suka koma dogon zango a YouTube. Marubutan onlayin ma haka, marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ta tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa ta a guruf ɗin WhatsApp, sai kawai wata da ta biya ta kwashe littafin kaf ta watsa a wasu guruf-guruf. Shi ya sa za ka ga doguwar Allah ya isa a saman kusan kowane shafi. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta tanadi yadda za a sa a cire kayan sata daga intanet, amma fayil ɗin da ke yawo daga waya zuwa waya babu shafin da za a aika wa takarda a ce ya cire.