Rainon Irin Tumatir da Tattasai: Ɓawon Kwakwa ko Ƙasa?

Duk shekara idan damina ta fara janyewa, manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam suka shiga shirin yayyafi, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawo mini, galibi daga matasan da suka ga hoton tiren raino, wato farantin roba mai ƙananan ramuka da ake shuka iri a ciki, a waya, suka sayi dunƙulen ɓawon kwakwa, wanda masu shago suke kira kokofit, ba tare da sun tambayi kowa yadda ake aiki da shi ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin gona da bakin masallaci, shi ya sa na tattara amsoshin a nan.

Malam, irina ya tsiro da kyau, sai kuma ya fara kifewa yana mutuwa. Maganin me zan fesa?

Kafin ka nemi magani, ka ajiye garwar ban ruwan da ke hannunka. Ka tuge guda ɗaya daga cikin waɗanda suka kife, ka dubi daidai inda karan ya haɗu da ƙasa. Idan wurin ya sirance kamar zare, ya yi ruwa-ruwa ko ya yi duhu, to ruɓewar gindi ce, kuma ƙwayoyin cutar da ke kawo ta ba su da abin da suke so irin laima da cunkoso da rashin iska. Wanda ya kife ba zai tashi ba. Ka cire shi, ka daina ban ruwa da yamma, ka ɗaga tiren daga ƙasa. Yawancin irin da ke mutuwa a hannun sabon manomi, yawan kulawa ne yake kashe shi.

Shi kokofit ɗin mene ne?

Gari ne da zaren ɓawon kwakwa da aka busar aka matse. Mafi yawansa daga Indiya da Siri Lanka ake kawo shi. Dunƙule mai kilo 5 yana kumbura ya kai lita 60 zuwa 70 idan ya sha ruwa, don haka kada ka jiƙa shi a ƙaramin bokiti.

Da zarar ya jiƙu zan iya cika tire in shuka?

A'a. Ɓawon kwakwa yana zuwa da gishiri a jikinsa, wani kaɗan wani da yawa, kuma ba za ka gane da ido ba. Ka jiƙa shi ya kwana, ka zuba shi a buhun da ruwa ke ratsawa, ka yi ta kwara masa ruwa mai kyau yana tsiyayewa sau uku ko huɗu. Ko an rubuta a jikin ledar cewa wankakke ne, ka sake wanke shi, domin ruwa ya fi iri araha. Wanda yake da hali, bayan wankin ya jiƙa shi na tsawon dare a ruwan da aka narka takin kalsiyam naitiret, sannan ya ɗauraye, saboda ɓawon kwakwa yana riƙe kalsiyam da maganiziyam ya hana shuka, ya sako sodiyam da fotasiyam a madadinsu.

Akwai taki a cikinsa?

Babu abin a zo a gani. Aikinsa riƙe ruwa da iska da saiwa, ciyarwa kuwa taka ce. Wanda bai fahimci wannan ba, kada ya ci gaba da karanta sauran.

Bayan kamar mako biyu irina ya tsaya cak, ganyen ya koma ɗorawa. Na ƙara taki bai gyaru ba, na ƙara ruwa ya ƙara lalacewa. Me zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ba na son amsawa daga nesa, domin abubuwa huɗu ko biyar suna iya kawo wannan kama, kuma maganin ɗaya yakan zama gubar ɗaya. Duk da haka zan faɗi yadda nake bi idan aka kawo mini tire, kai kuma ka gwada da naka.

Abin da nake fara yi shi ne in ɗaga tiren in ji nauyinsa, sannan in turo shuka ɗaya ta ramin ƙasan tiren in dubi saiwar. Saiwa mai lafiya fara ce tas, tana da ƙananan gashi, kuma ta bazu a cikin dunƙulen. Idan na ga ta yi launin ƙasa-ƙasa, tana saɓulewa tsakanin yatsu, ga tire ya yi nauyi, ga gansakuka ta yi kore a sama, to ruwa ne ya yi yawa, kuma duk takin da ka zuba ɓarna ce, domin ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta sha. Abin da ke yaudarar mutane shi ne saman ɓawon kwakwa yana bushewa ya yi haske cikin sa'o'i kaɗan, musamman idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, alhali ciki yana jiƙe sharaf. Mutumin da ya saba da fangalin ƙasa da zarar ya ga sama ya bushe sai ya ɗauko ruwa. A tire, nauyi ake ji, ba sama ake kallo ba.

Idan saiwar fara ce, sai in koma kan ganye, in ga daga ina ɗorawar ta fara. Idan ganyen ƙasa ne suka fara koɗewa gaba ɗaya, shukar kuma ta ƙi tsawo, mafi yawan lokuta yunwa ce. Iri yana rayuwa ne da guzurin da ke cikin ƙwayarsa har zuwa lokacin da kunnuwa biyu na farko suka buɗe, ganyen gaske ya fara leƙowa. A ƙasa, daga nan saiwa take fara ci daga takin da ke wurin. A ɓawon kwakwa kuwa babu abin da za ta tarar. Daga wannan lokaci ne ake fara ba da takin da ke narkewa sarai a ruwa, irin wanda aka rubuta 20-20-20 ko 19-19-19 a jikin ledarsa, cokalin shayi ɗaya a shafe cikin ruwa lita 10, sau biyu ko uku a mako, a ƙara kaɗan idan shukar ta yi ƙarfi. Na ce mai narkewa, ban ce ka barbaɗa ƙwayar kamfa ko yuriya a ramin tire ba. Ramin bai kai kofin shayi ba, ƙwaya biyu ta isa ta ƙone abin da ke ciki.

Amma fa idan gefen ganyen ne ya ƙone ya yi kamar an babbaka shi, ko ka ga farin gari-gari a saman ɓawon da bakin ramin, to akasin yunwa ne, gishiri ne ya taru, ko daga ɓawon da ba a wanke ba, ko daga takin da ka ƙara. A nan sai ka kwara ruwa zalla da safe har ya riƙa zuba ta ƙasa sosai, ka bar shi kwana biyu ko uku ba taki. Idan kuwa sababbin ganyen sama ne suka yi ɗorawa jijiyoyinsu na nan kore, ina zargin ruwan da kake amfani da shi. Wasu rijiyoyi da burtsatse a yankinmu, musamman ta wajen Haɗeja, ruwansu yana da kanwa-kanwa, kuma irin wannan ruwa yana hana saiwa ɗaukar sinadarin ƙarfe ko da yana nan a cikin takin. Ɓawon kwakwa ya fi yi wa shuka daɗi idan ma'aunin tsami yana tsakanin 5.5 da 6.5. Wanda ba shi da abin aunawa, ya gwada tire ɗaya da ruwan kanal ko ruwan saman da ya tara, ya kwatanta bayan mako guda. Haka nan idan bayan ganyen ya yi shunayya a tsakiyar hunturu, sau da yawa sanyin dare ne kawai, kuma yana washewa da kansa idan aka riƙa rufe tiren da daddare.

Ban ce lallai ɗaya daga cikin waɗannan ne kaɗai ba. Nakan ga tiren da ya haɗa gishiri da yawan ruwa, ko yunwa da ruwan kanwa, kuma a irin wannan hali alamun suna cakuɗewa har mai ido ma ya yi shakka. Shawarar da nake iya tsayawa a kanta ita ce ka canja abu ɗaya tak, ka jira kwana huɗu ko biyar, ka dubi sabon ganyen da zai fito, domin tsohon da ya koɗe ba zai koma kore ba. Idan ka canja taki da ruwa da wuri duk a rana ɗaya, ko ya gyaru ba za ka san abin da ya gyara shi ba. Kuma ka kwantar da hankalinka, tumatir yana da juriya, muddin saiwarsa fara ce yana farfaɗowa. Tattasai da attaruhu ne suke da jinkirin huce fushi.

To tsakanin ɓawon kwakwa da ƙasa wanne ya fi?

Ya danganta da irin da ke hannunka da kuma lokacin da kake da shi. Idan UC82B ne ko Roma da ake saya a gwangwani da sauƙin kuɗi, ko irin da ka cire da kanka, yi yayyafinka a ƙasa yadda iyayenmu suke yi a Kadawa tun da aka fara sako ruwan madatsar Tiga. Ƙasa tana da haƙuri, ko ka yini a kasuwar Kwanar Gafan ba ka leƙa ba, za ka tarar da irinka a raye. Idan kuwa irin zamani ne mai aure, wanda ake sayar da shi da ƙidayar ƙwaya, to asara ce ka watsa shi a fangali. Giram ɗaya na irin tumatir kusan ƙwaya 300 ne, kuma a tire kowace ƙwaya tana da raminta, ba ciyawa, ba tsutsar da ke sa saiwa ƙululu, sannan ranar dashe shukar tana fita da dunƙulenta ba tare da saiwa ta tsinke ba. Sai dai tire yana son mutumin da zai duba shi safe da rana. A ganina, wanda bai taɓa raino ba ya yi mafi yawan irinsa a ƙasa, ya koyi hannu da tire ɗaya ko biyu a gefe.

Malam, wannan bayanin zai yi aiki a kan tabar wiwi?

Ƙanena, ka nemi wani abin yi. Noman wiwi laifi ne a dokar Najeriya, hukumar NDLEA tana kamawa kuma kotu tana ɗaurewa shekaru masu yawa. Ba na amsa wannan, ko a fili ko a ɓoye.

Irina ya yi tsawo siriri yana faɗuwa.

Ai ɓoye shi ka yi a ɗaki ko a ƙarƙashin darbejiya, shi ya sa yake neman haske. Da zarar ya tsiro ka fitar da shi inda zai sami ranar safe, ka yi masa rumfa mara kauri saboda zafin azahar.

Idan ƙasar zan yi amfani da ita, wace iri?

Ka nemi ƙasa mai sauƙi wadda ruwa ke ratsawa, kada ka ɗebo laka, kuma kada ka yi gadon raino a inda aka noma tumatir ko tattasai ko yalo bara. Ka haɗa ta da takin gargajiya da ya riga ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone iri, kuma na gaji da faɗar haka. Ka ɗaga gadon ya ɗan fi ƙasa tudu, faɗinsa kamar mita ɗaya domin hannu ya kai tsakiya, ka tara kara ko ɓuntun shinkafa a kai ka ƙone kafin shuka don rage cuta da 'ya'yan ciyawa. Ka shuka a layi, zurfin bai wuce santimita ɗaya ba, ka rufe da busasshiyar ciyawa, ka kuma yaye ta ranar da ka ga tsiro. Tumatir yakan fito cikin kwana 5 zuwa 10, tattasai da attaruhu sukan kai mako biyu ko fiye, saboda haka kada ka tone gadon kana neman su.

Zan iya cakuɗa ɓawon kwakwa da ƙasa?

Za ka iya, amma ka san cewa ka shigo da cutar ƙasa cikin tiren da ka saya domin gudun ta. Idan sauƙin ciyarwa kake nema, gara ka haɗa kashi uku na ɓawon kwakwa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe.

Dole ne sai na rufe da gidan sauro?

Wanda ya ga abin da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a Kano da Jigawa da Katsina a 2016 ba zai yi wannan tambaya ba. Ga farin ƙuda mai kawo nanaɗewar ganye, ga kaji, ga ƙadangaru. Ka rufe, kuma ka danne gefen da ƙasa ko dutse.

Yaushe zan dasa?

Tumatir yana isa dashe a mako uku zuwa huɗu, idan ya yi ganyen gaske huɗu ko biyar. Tattasai da attaruhu sai sun kai mako biyar zuwa shida. Saura mako guda ka rage ruwa, ka janye rumfar a hankali domin ya saba da rana, ka shayar da shi sosai kafin cirewa, ka dasa da la'asar. Kada ka bar shi ya tsufa a tire kana jiran a sako ruwa a kanal, domin saiwar za ta nannaɗe kanta. Ka fara sanin ranar da gonarka za ta shirya, sannan ka ƙirga baya ka shuka.

Zan iya sake amfani da ɓawon da ya rage a tire?

Idan an yi ruɓewar gindi a cikinsa, ka zubar da shi nesa da wurin raino. Idan ba a yi ba, ka zuba shi a lambu ya gyara ƙasa, ka sayi sabo. Tiren kuwa ka wanke shi da ruwan bilic, ka shanya, ka ajiye a inuwa, domin rana tana sa robar ta yi ta karyewa.