Ma'anar «alamomin gargaɗi» a batun kashe kai, da abin da kaka za ta iya gani a jikanta

A 'yan shekarun nan ma'aikatan lafiya da masu shirye-shiryen rediyo suna yawan ambaton «alamomin gargaɗi» idan ana zancen mutanen da ke hallaka kansu, musamman idan 10 ga Satumba ta zagayo, ranar da duniya ta keɓe tun shekarar 2003 domin wayar da kai a kan wannan musiba. Kafin a shiga bayani ya kamata a gyara wani ruɗani na harshe, domin «kisan kai» a Hausa ya fi nufin mutum ya kashe wani, alhali abin da ake magana a nan shi ne mutum ya kashe kansa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma tana cikin manyan dalilan mutuwar matasa 'yan shekara 15 zuwa 29.

Alamar gargaɗi ita ce magana ko ɗabi'a da ta bayyana yanzu, a cikin kwanakin nan ko makonnin nan, wadda ke nuna cewa mutum ya kusanci cutar da kansa. Ta bambanta da abin da likitoci ke kira «abin da ke ƙara haɗari», wato yanayin da ya daɗe tare da mutum. Mutanen Auyo da Haɗeja ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan bambanci. Wanda gidansa ke bakin kogi ya san yana cikin haɗari kowace damina, amma wannan bai sa ya kwashe kayansa kullum ba. Ranar da ya ga ruwa ya haye alamar da ya saba gani a jikin bishiya, ranar ce yake tashin iyalinsa. Tarihin dangi shi ne zaman bakin kogi, alamar gargaɗi kuwa ita ce hauhawar ruwan.

Binciken da aka yi a kan tagwaye da kan yaran da suka tashi a hannun wasu ya nuna cewa gado yana da hannu a lamarin. Abin da ake gada shi ne saurin kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani, ko wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, ko halin yanke hukunci cikin gaggawa lokacin ɓacin rai. Mafi yawan waɗanda aka taɓa yin irin wannan rashi a danginsu suna rayuwa har tsufa ba tare da sun taɓa yunƙurin komai ba, saboda haka kuskure ne babba a riƙa kallon yaro kamar wanda aka riga aka rubuta masa ƙarshen kawunsa. Amfanin sanin tarihin kawai shi ne a ƙara sa ido, kuma kada a raina abin da aka gani.

A ƙauyukanmu kaka ce ke riƙe da wannan tarihi. Ita ce ta san abin da ya faru da wane shekara talatin da suka wuce, wanda aka rufe aka ce zazzaɓin dare ɗaya ne, saboda gudun abin faɗa da tsoron kada a ƙi auren 'ya'yan gidan. Sau da yawa kuma jikan yana hannunta, musamman ɗan fari wanda uwarsa ke yi wa alkunya har ba ta iya kiran sunansa, balle ta zaunar da shi ta tambaye shi abin da ke cin ransa. Wasan da ke tsakanin kaka da jika, inda take kiransa «maigida» ko ta kira jikanyarta «kishiya», ya buɗe mata ƙofar da iyaye ba su da ita. A ganina babu wanda ya fi ta dacewa da wannan aiki a gidan.

Alama ta farko, kuma wadda aka fi yin sakaci da ita, tana fitowa ne daga baki. Idan yaro ya fara cewa «gara in mutu in huta», ko «na zame muku kaya», ko «kun kusa hutawa da ni», bai kamata a ɗauke ta a matsayin shagwaɓa ba. Akwai tsohuwar fahimta cewa mai faɗa ba ya aikatawa, kuma ba gaskiya ba ce, domin da yawa daga cikin waɗanda suka aikata sun furta wani abu makamancin haka ga na kusa da su.

Sai kuma canjin hali. A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 17 da ya saba shigowa ɗakin kakarsa da sassafe ya kankare ɗumamen tuwo yana tsokanarta. Yanzu ya daina zuwa, ya bar majalisar abokansa, ba ya fita ƙwallo da yamma, idan an je gona sai ya jingina fartanya ya zauna yana kallon ƙasa, kuma da tsakar dare ana jin motsinsa a tsakar gida. Wata rana ya kama tantabarun da ya shekara uku yana kiwo ya ba ƙanensa duka, sa'annan ya bi ɗaki-ɗaki yana neman gafara, alhali ba tafiya zai yi ba kuma ba azumi ne ya gabato ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya zama ba komai ba, amma haɗuwarsu a mutum guda cikin ɗan lokaci ita ce ainihin abin da ake nufi da alamomin gargaɗi. Ga 'yan mata abin kan zo da barin kitso da lalle, da ƙin cin abinci, da yawan kuka a ɓoye. A kula kuma cewa damuwar matasa takan fito da siffar fushi da rashin kunya, har a yi ta dukan yaro ana cewa ya lalace. Shan Tramol ko kodin ko wiwi yana ƙara tsananta lamarin, haka nan faɗuwa jarrabawa, da auren dole, da bashi, da abin kunyar da ya bazu a gari. Wanda ya taɓa yunƙuri sau ɗaya kuwa shi ne ya fi kowa buƙatar kulawa.

Akwai alama guda mai yaudara. Yaron da ya yi makonni cikin ƙunci sai a wayi gari ya sake, yana fara'a, ba tare da an warware matsalarsa ba. Gida ya yi hamdala, amma wani lokaci wannan natsuwar ta wanda ya riga ya yanke shawara ce.

Abin da ya kamata kaka ta yi shi ne ta kira shi inda babu kowa, ta ajiye wasa, ta ce: «Jikana, na ga ka canja, kuma hankalina bai kwanta ba. Faɗa mini gaskiya, tunanin kashe kanka yana zo maka?» Mutane suna tsoron cewa tambayar za ta cusa masa tunanin, amma bincike bai nuna haka ba, sau da yawa ma sauƙi yake samu da ya ga an lura da shi. Idan ya amsa, kada a rufe shi da faɗa ko a fara da barazanar wuta. Haramcin abin a Musulunci sananne ne, kuma ayar da ta hana, ta 29 a Suratun Nisa'i, ta ƙare ne da ambaton cewa Allah Mai jinƙai ne a gare mu. Da wannan ɓangaren ya fi kyau a tunkare shi.

Daga nan kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. A gidan manomi wannan yana nufin maganin feshin gona da na ƙwarin hatsi, waɗanda ake ajiyewa a bayan ƙofa ko gindin rumbu. A kulle su da kwaɗo ko a kai su gidan wani amintacce, domin tsananin wannan tunani yakan zo ne ya wuce cikin ɗan lokaci. Ƙasar Siri Lanka ta ga raguwar irin wannan mutuwa ƙwarai bayan ta hana sayar da magungunan ƙwari mafiya guba.

Addu'a da tofi suna da muhallinsu, sai dai a haɗa su da asibiti a ranar, ba sai an jira kasuwa ta ci ba. Ana iya farawa daga asibitin da ke kusa a nemi a tura shi gaba: akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a Jigawa kuma akwai na Kazaure. Idan an shiga wurin likita, kaka ta faɗi tarihin gidan yadda yake, har da abin da aka shekara talatin ana ɓoyewa, kuma a ci gaba da kwana kusa da yaron a makonnin farko bayan an sallame shi.