Yanka wa kyanwa ƙofarta a jikin ƙofar gida: tambayoyi da amsoshi

'Yar ƙofar kyanwa kafa ce ƙarama da ake yankawa a ƙasan ƙyaure, a rataya mata marfi mai lilo, don kyanwa ta riƙa shiga da fita ba sai an tashi an buɗe mata ba. A ƙofar katako aikin bai fi awa ɗaya zuwa biyu ba, ban da lokacin jiran fenti ya bushe. Sai dai katakon da zarto ya ci ba ya dawowa, shi ya sa rabin amsoshin nan suka tsaya a kan abin da ake yi kafin a taɓa zarto.

Me ke cikin kwalin idan na saya?

Firam biyu na roba, ɗaya na ciki ɗaya na waje. Na cikin shi ke ɗauke da marfi da makulli, kuma yawanci yana da wuya mai ratsa kaurin ƙyauren ya haɗu da na waje. A ƙasan marfin akwai ɗan maganaɗisu da ke tsayar da shi a tsakiya, a gefensa kuma akwai gashi kamar na buroshi mai tare iska. Za ka ga sukurori masu tsayi daban-daban, da takardar da aka zana girman ramin a kai. Kada ka yar da takardar nan, ita ce ma'auninka.

Wace iri ta fi dacewa?

Ya danganta da wanda kake son hanawa shiga. Mafi sauƙi ita ce mai makullin hannu mai matsayi huɗu: shiga da fita, shiga kaɗai, fita kaɗai, ko a kulle gaba ɗaya. Ba ta cin batir, ba ta cika lalacewa ba, amma duk muzurun da ya tura marfin da kai zai shigo. Akwai mai buɗewa da maganaɗisun da ake rataya wa kyanwa a wuya. Matsalarta biyu: in abin wuyan ya faɗi kyanwa ta kwana a waje, kuma kyanwar maƙwabta mai irin wannan maganaɗisu ita ma za ta buɗe.

Ta uku tana karanta ƙwayar shaida, wato 'yar na'urar nan mai girman ƙwayar shinkafa da likitan dabbobi ke sakawa ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Kowace ƙwaya tana da lambarta, yawanci mai alƙaluma 15, kuma ƙofar ba ta sakin makulli sai ga lambar da aka koya mata. Inda kyanwoyi suka yi yawa a unguwa, wannan muka fi ba da shawara. A sani dai, da yawa daga cikinsu shigowa kawai suke tacewa, fita kuwa kowace dabba tana iya yi. In kana da kyanwar da ba ka son ta fita, nemi mai karantawa ta ɓangare biyu.

Kowace ƙofa ce za a iya yankawa?

A'a, kuma a nan ne ake tafka asara mafi girma.

Ƙofar katako zalla ba ta da gardama. In mai allo-allo ce, a yanka a cikin allon ƙasa, a bar kaurin katakon da ya gitta ƙasan ƙofar da na gefe biyu, domin su ne ƙashin da ke riƙe da ita. In aka ci su, ƙofar za ta fara saki ta riƙa goga ƙasa.

Ƙofa mai kogo, wadda falle biyu ne na siririn katako da kwali a tsakiya, tana yankuwa cikin sauƙi amma ba ta riƙe sukuru. Bayan an yanka, a tura kwalin ciki, a cusa 'yan sandunan katako huɗu a kewayen ramin tsakanin fallen biyu, a manne da gam. Su ne za su hana fallen lotsewa lokacin ɗauri.

Ƙofar roba mai tauri, irin ta PVC, allonta falle biyu ne da soso a tsakiya, wani lokaci da katako ko ƙarfe a ciki. A allon kaɗai ake yanka, ba a taɓa firam ɗinta saboda yawanci akwai ƙarfe a cikinsa. Don sanin abin da ke ciki, yi 'yar huda a tsakiyar wurin da za ka cire, ka duba garin da ya fito. In allon mai ado ne, tudu da kwari, firam ɗin kyanwar ba zai kwanta ba. Gara a sauya shi da shafaffen allo.

Gilashi kuwa kada ka gwada. Gilashin ƙofa yawanci gasasshe ne, wanda in aka huda shi yake tarwatsewa gaba ɗaya ya zama tsakuwa. Mai falle biyu kuma a toshe yake da busasshiyar iska ko gas a tsakani, da an fasa toshin sai raɓa ta cika shi ya dushe. Hanya ɗaya ce: mai aikin gilashi ya auna, a ƙero sabo da raminsa tun daga masana'anta. Ramin zagayayye ake yi, kusan santimita 21 a faɗi ga matsakaiciyar ƙofa, saboda daga kusurwa gilashi ke fara tsagewa.

Ƙofar da aka ƙera don tare gobara, kamar wadda ake sawa tsakanin gareji da cikin gida, ko ta shiga gida a dogon bene, ba a yanka ta ko kaɗan. Rami ɗaya ya kashe amfaninta. In haya kake, nemi izinin mai gida a rubuce. In ƙofar sabuwa ce, duba takardar garantinta, don yanka yakan soke shi.

A wane tsayi zan sa ta, kuma yaya zan san girman ya isa?

Kyanwar za ka auna, ba ƙofar ba. Tana tsaye, auna daga ƙasa zuwa ƙasan cikinta. Ga yawancin kyanwoyi wannan yana kamawa santimita 10 zuwa 15, kuma a nan bakin ramin na ƙasa zai tsaya. In sun fi ɗaya, bi awon wadda ta fi gajarta. Ramin da ya yi sama yana sa ta tsalle tana goga ciki, tsohuwar kyanwa mai ciwon gaɓoɓi ma sai ta daina bi. Wanda ya yi ƙasa da yawa kuma yana raunana ƙofar, don haka a bar aƙalla santimita 7 zuwa 8 na katako a ƙarƙashinsa.

Abin da ake yawan mantawa shi ne waje. In daɓen ɗaki ya fi ƙasar waje tudu, tsayin da ya yi daidai daga ciki zai zama katanga daga waje. Sai a ajiye bulo ko dakali mai faɗi wanda ba ya motsi, ya daidaita ɓangarorin biyu.

Matsakaiciyar ƙofa tana da kafa mai faɗin santimita 14 zuwa 15, tana ɗaukar kyanwa har mai kilo 6 ko 7. In kana shakka, yanka rami mai wannan girma a jikin kwali, ka tare bakin ɗaki da shi, ka ga yadda za ta wuce.

Wane kayan aiki nake buƙata?

Tef na awo, fensir, ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, salatef na takarda, injin huda da bakin milimita 10 ko 12, zarton lantarki mai siririn baki, samfefa, sukundireba, fenti, silikon na waje (danƙon toshe rata don hana ruwa shiga), da tabarau mai kare ido. Bakin zarton ya zama mai ƙananan haƙora, ya kuma dace da abin da za a yanka, na katako daban na ƙarfe daban.

To, yaya ake yankan?

In da hali cire ƙyauren daga hinjinsa ka kwantar da shi a kan benci biyu. Kafin ka cire, rubuta "ƙasa" da "ciki" da fensir a jikinsa. Ƙofa a kwance sama da ƙasanta kama suke yi, kuma ana iya kuskure a yanka gefen da ba shi ba.

Ja layin tsayin da ka auna, nemo tsakiyar faɗin allon, manna takardar zanen yadda ƙasan ramin zai hau layin. In ƙofar na rataye, duba da ma'aunin ruwa. In a kwance take, auna daga gefen ƙasa a wuri biyu ka tabbatar awon ɗaya ne. Karkatar milimita kaɗan ta isa ta sa marfi ya riƙa tsayawa a buɗe. Shimfiɗa salatef a kan layin ta fuska biyu, ka sake zana layin a kansa. Haƙoran zarton sama suke fizga, saboda haka fuskar da zarton ke zaune a kai ita ke ɓallewa, salatef ɗin ne ke rage hakan.

Huda rami a kowace kusurwa daga cikin layi, injin a miƙe cak. Zura bakin zarto a ɗaya, ka bar shi ya ɗau gudu kafin ya taɓa katako, sannan ka bi layi zuwa huda ta gaba. Kada ka danna shi gaba da ƙarfi. Ƙofar waje takan kai kaurin milimita 44, kuma a irin wannan kauri siririn baki yana lanƙwasa in an matsa masa, sai ramin ya fito daidai a fuskar da kake gani amma a karkace ta baya. In ka zo gefen ƙarshe, tallafi gutsuren tsakiya, don in ya faɗi da nauyinsa zai yage gefen.

Goge bakin ramin da samfefa, gwada wuyan. Ya shiga ba da dole ba, da 'yar sarari ta milimita 1 ko 2 a kewaye. Daga nan sai matakin da masu gaggawa ke tsallakewa: shafa fenti sau biyu a ɗanyen katakon da zarto ya buɗe, ka bar shi ya bushe. Nan ne ruwan sama ke shiga. In ba a rufe ba katakon zai sha, ya kumbura, ya matse firam, daga baya ya ruɓe daga ciki.

Ɗaurawar fa?

Ɓangare mai makulli da gidan batir yana ciki. Riƙe firam a mazauninsa, sa alamar ramukan sukuru, cire, huda da girman bakin da takardar ta faɗa. Zaɓi sukurun da ya dace da kaurin ƙofarka: gajere ba zai kama ba, dogo zai fasa robar ɗaya gefen. Ɗaura da hannu, kada ka yi da inji, kaɗan-kaɗan, kana tsallakawa daga kusurwa zuwa kishiyarta, kana kaɗa marfin bayan kowane zagaye. Da firam ya kwanta bai motsi, tsaya. A waje, zizara silikon a sama da gefe biyu, ka bar ƙasa don ruwan da ya kutsa ya sami mafita.

Na gama, amma marfin yana maƙalewa. Me ya faru?

Kusan kullum ɗauri ne ya yi yawa, firam ya murɗe. Sassauta kowane sukuru rabin juyi ka sake gwadawa. In bai saki ba, cire ka duba ko ramin yana matse wuyan a wani gefe, sai ka ƙara goge wurin. Marfin da ke kaɗawa da iska kuwa, ko dai an sa shi a karkace maganaɗisun bai haɗu da abokinsa ba, ko gashi da ƙura sun taru a ƙasa. Tsumma mai laima ya isa, kada a zuba mai.

Mai karanta ƙwayar ta ƙi buɗe wa kyanwata.

Fara da batir. Yawancinsu huɗu suke ci masu girman AA, suna kai wata 6 zuwa shekara, kuma in sun yi sanyi nisan karatun ne ke fara raguwa. Sai ka goge 'yan idanun da ke cikin wuyan, masu gane cewa dabba ta sa kai. In duk wannan lafiya, zargi ƙarfe. Ƙwayar ba ta da batir, igiyar rediyon da ƙofar ke fitarwa ce ke tada ta, ƙarfe kuma yana shanye wannan igiya. A ƙofar ƙarfe ana faɗaɗa ramin da santimita 2 zuwa 3 a kewaye, a sa faifan roba da kamfanin ke sayarwa ya rufe ratar. Wani lokaci kuma ƙwayar ce ta gusa daga kafaɗa ta gangara, likitan dabbobi zai gano inda take da na'urarsa. Don kauce wa wannan duka, koya wa ƙofar lambar kyanwarka tun tana hannu, ka ga ta buɗe, kafin ka huda komai.

Ɓarawo ba zai amfana da ita ba?

Mutum ba ya wucewa ta kafar santimita 15, amma hannu da sanda suna wucewa. Kada a bar makulli a jikin kuba ko a rataye kusa da ƙofar. Zura hannunka da kanka daga waje ka ga ko yana kai wa sakata. In yana kai, sauya wa sakatar wuri.

Kyanwar ta tsaya tana kallo ta ƙi bi. In tura ta?

Kada ka tura ta. Kyanwar da aka cusa da ƙarfi tana haɗa wurin da tsoro, sai koyon ya ƙara tsawo. Ɗage marfin sama ka riƙe shi da salatef, ramin ya zauna a buɗe kwana biyu ko uku. Tsaya ta ɗaya gefen da abin da take so ka kira ta, ka fara da shigowa don ta fi son komawa inda ta sani. In ta saba, sauke marfin rabi, yadda sai ta ɗan tura da kai. Sannan a sake shi duka. Mai karanta ƙwaya tana yin ƙara "ƙas" idan makulli ya saki, wasu kyanwoyi suna zabura su ja da baya. Bar ta ta ji ƙarar sau da yawa marfin na buɗe, kana ba ta lada duk lokacin da ta ji. Wata kyanwar yini ɗaya ya ishe ta, wata sai ta yi mako biyu, musamman in ta manyanta, kuma a duk tsawon wannan lokaci a ci gaba da buɗe mata babbar ƙofa in ta nema.