Medicaid: kar ka yanke wa kanka hukunci kafin a yi lissafi

'Yan'uwa mazauna Amurka, maganar da ta fi yawa a bakin magidanta idan muka zo batun Medicaid ita ce, "Ai ni ina aiki, ba za su ba ni ba." Da wannan zato mutane ke hana kansu da 'ya'yansu ganin likita, alhali ba su taɓa cike takardar neman ba.

Medicaid shirin inshorar lafiya ne da gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗi su gudanar tun 1965, domin masu ƙaramin ƙarfi. Abu biyu ake dubawa: nawa ke shigo maka, kuma mutum nawa ke rayuwa da kuɗin. Kowace shekara gwamnati na fitar da ma'aunin talauci. A 2025 dala 15,650 ne ga mutum ɗaya, ana ƙara 5,500 a kan kowane kai, wato iyali mai mutum huɗu 32,150. A jihohi 40 da birnin Washington da suka faɗaɗa shirin bisa dokar lafiya ta 2010, baligi ɗan ƙasa da shekara 65 yana shiga idan samunsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin ba. Ga mai iyali huɗu, a lissafin 2025 hakan ya ɗan haura dala 44,000 a shekara. Teksas da Fulorida ba sa cikin waɗannan jihohi, ƙa'idarsu ta fi tsauri ƙwarai.

Inda mutane suka fi tafka kuskure shi ne wajen ƙirga kuɗin. Direban tasi ko mai kai saƙo a mota yakan rubuta duk abin da ya shiga aljihunsa. Ga mai aikin kansa kuwa riba ake ƙirgawa, bayan an cire kuɗin mai, gyaran mota da sauran ɗawainiyar sana'a. Shi ya sa nake roƙon direbobi su daina jefar da rasit. Mai albashi kuma akasin haka ne: a rubuta albashin kafin a cire haraji. Kuɗin ciyar da yara da tsohon miji ke biya ba ya shiga lissafi. Ajiyar banki ma ba a tambayarta ga yawancin iyalai, sai dai ga tsofaffi 'yan 65 zuwa sama da masu naƙasa, su nasu tsarin daban ne.

Ko da uba ya haura ƙa'ida, kada a ajiye takarda. Ma'aunin yara da masu juna biyu ya fi na sauran manya sassauci, ga kuma shirin CHIP da aka kafa a 1997 don yaran gidajen da suka ɗan fi ƙarfin Medicaid. Mace mai ciki ana ƙirga ta da abin da ke cikinta, gida ya ƙaru da mutum ke nan. Masu katin zama na dindindin galibi sai sun jira shekara biyar, amma jihohi da dama sun ɗage wa yara da masu ciki wannan sharaɗi.

Sai batun sabuntawa, wanda ya fi ba ni takaici. Da aka koma tantance mutane a 2023 bayan annobar korona, sama da mutum miliyan 20 aka cire daga shirin, akasarinsu saboda matsalar takardu, ba don an tabbatar sun fi ƙarfinsa ba. Wasiƙa ta je tsohon adireshi, ko tana nan a kan teburi ba a buɗe ba, har wa'adi ya wuce. Idan ka tashi daga gida, ko aiki ya ragu, ko an yi haihuwa, sanar da ofishin Medicaid na jiharka nan take. Babu lokacin rufe rajista, kowane wata ana karɓa, kuma idan aka ƙi ka kana da damar ɗaukaka ƙara cikin kwanakin da aka rubuta a wasiƙar.