Sana'ar wallafa a intanet da hanyoyin samun kuɗinta a Maraɗi

Sana'ar wallafa a intanet ita ce shirya bidiyo, murya, hoto ko rubutu a ɗora a dandamali irin su YouTube, Facebook da TikTok, jama'a su kalla, mai aikin kuma ya samu na cefane a ciki. Masu yinta a Maraɗi sun haɗa da ƴan barkwanci, mawaƙa, almajiran malamai masu ɗora wa'azi, mata masu koyar da girki da kwalliya, da samari masu sharhin kokowa da ƙwallo. Kuɗin kan shigo ta rabon talla daga kamfanin dandalin, ko kyautar masu kallo, ko tallata hajar ƴan kasuwa, ko sayar da kayan mutum na kansa, ko kuma aikin da ake kiran mutum saboda sunan da ya yi. Hanya ta farko ita aka fi ambata a bakin matasa, amma a Nijar ita ce mafi ƙunci.

Asali

Cin abinci da baki tsohuwar sana'a ce a Maraɗi. Tun bayan da gidan sarautar Katsina ya kafu a nan a farkon ƙarni na 19 (majiyoyi sun sha bamban kan takamaiman shekarar), fada ba ta rabu da makaɗa, maroƙa da sanƙirori ba, kasuwa kuma tana da ƴan kama da ƴan gambara. Babu wanda ke biyan su albashi. Wanda aka wasa shi ke yin kyauta: riga, doki, dame ko kuɗi, kuma a bainar jama'a, don a gani a faɗa. Da noman gyaɗa ya bunƙasa a zamanin Turawa, daga baya kuma fataucin kan iyaka da Najeriya ya kankama a shekarun 1970, sai alhazan birni suka shiga sahun sarakuna wajen riƙon mawaƙa. Liƙi a wurin biki da karin da ake yi wa makaɗa a filin kokowa duk daga wannan tushe suke.

Kaset ya canja lamarin kaɗan. A wajajen shekarun 1980 wa'azi da waƙa sun fara yawo a kaset, mai shago ya kwafa ya sayar, mai muryar kuwa sau da yawa ko sisi ba ya gani. Bayan an ba da damar buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu a shekarun 1990, irin su Anfani, sanarwar biki da ta rasuwa da katin gaishe-gaishe suka zama abin biya, ƴan kasuwa suka saba da sayen mintuna. Faya-fayan CD na finafinan Kano sun biyo ta Katsina, Jibiya da Ɗan Isa. Sai zamanin masu turi, wanda da alama ya yi ƙarfi daga ƙarshen shekarun 2000: saurayi da kwamfuta a ƙarƙashin rumfa, ka miƙa masa memori da ƴan canji ya cika maka da waƙa da fim. A duk waɗannan zamunna kuɗin kwafi na mai kwafi ne. Ribar mai fasaha ita ce suna, sunan ne ke sa a kira shi biki ko wani alhaji ya ba shi kujerar Makka. Wannan tsari bai mutu ba da aka koma wayar hannu, shi ya sa bayanin samun kuɗin intanet a Maraɗi ba ya cika sai da shi.

Rabon kuɗin talla

An kafa YouTube a 2005, Google ya saye shi a 2006, a 2007 kuma aka fara raba kuɗin talla da masu tashoshi. Tun 2018 sharaɗin shiga shi ne mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. A 2023 an ƙara wata ƙofa ga masu gajerun bidiyo: kallo miliyan 10 cikin kwana 90. Mai tasha yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar dogon bidiyo, kashi 45 na abin da aka ware wa gajeru. Biyan yana bi ta AdSense, asusun biyan kuɗin talla na Google, kuma ba a turo komai sai kuɗin ya kai dalar Amurka 100, abin da ke kaiwa jika hamsin da ɗoriya zuwa sittin na sefa gwargwadon canji.

Tsarin ba a kowace ƙasa yake aiki ba. Najeriya, Ghana da Senegal suna cikin jerin, Nijar kuwa ta daɗe ba ta ciki. Saboda haka masu tashoshi da dama a Maraɗi kan yi rajista da adireshin ɗan'uwa a Katsina ko Kano, ko na wani ɗan ci-rani. A nan ake samun cikas, domin Google kan aiko da lambar tabbatar da adireshi a takarda ta gidan waya, kuma yana neman katin shaida da ya dace da sunan mai asusun. Idan asusun na wani ne, kuɗin ma a hannunsa suke sauka, abin ya koma kan amana.

Ko an tsallake wannan, yawan kallo ba shi ne yawan kuɗi ba. Masu talla suna biya ne gwargwadon inda mai kallo yake zaune. Kallo dubu daga Amurka, Faransa ko Saudiyya ya ninka kallo dubu daga Tibiri ko Madarunfa nesa ba kusa ba, don kamfanoni kaɗan ne ke sayen talla domin kasuwar Nijar. Tashar da Hausawan ƙetare ke bi tana iya fin wadda ta fi ta mabiya samu. Tun 2021 kuma Google na cire harajin Amurka, har zuwa kashi 30, daga abin da aka samu ta masu kallon can. Wanda ya ɗora waƙa ko fim ɗin wani, na'urar Content ID kan gano shi ta mayar da kuɗin ga mai haƙƙi, gargaɗin satar fasaha uku kuma kan kai ga rufe tasha.

Facebook ya buɗe biyan talla ga masu shafuka a Najeriya da Ghana a tsakiyar 2024, matasan kan iyaka suka bi ta nan ma. Yana kuma da taurari da mai kallo ke saya ya aika, kowanne santi ɗaya na dalar Amurka.

Kyauta a shirin kai tsaye

TikTok, mallakar kamfanin ByteDance na ƙasar Sin, shi ya fi karɓuwa a tsakanin matasan garin a shekarun nan, a wani ɓangare don ba ya buƙatar karatu ko rubutu. Tsarinsa na biyan masu bidiyo bisa yawan kallo an taƙaita shi ga ƙasashe ƙalilan, kamar Amurka, Ingila, Faransa, Jamus da Brazil. Abin da ya rage wa mutumin Maraɗi shi ne kyauta. Wanda ya kai shekara 18, kuma galibi yana da mabiya 1,000, yana iya hawa kai tsaye. Masu kallo su sayi sulallan dandalin da kuɗi na gaske, da su suke aika kyautar hotuna masu motsi: fure sulai ɗaya ne, zaki kuwa ya kusa sulalla 30,000. Dandalin yana mayar da kyautar zuwa maki da ake kira lu'u-lu'u a asusun mai shirin, waɗanda ake canjawa kuɗi, bayan ya cire kasonsa, wanda aka fi cewa rabi ne. Wani binciken BBC na 2022 a sansanonin ƴan gudun hijirar Siriya ya gano kason na kaiwa kashi 70.

Yadda ake yin shirin ba baƙo ba ne ga wanda ya san dandalin biki. Bayan sallar isha'i, lokacin da layi ya fi sauƙi kuma ƴan ci-rani a Libiya, Aljeriya da Abijan sun tashi aiki, mutum biyu su raba fuskar waya gida biyu a gasar mintuna biyar ta wa zai fi tara kyauta. Kowa yana kiran mutanensa: "Ƴan Maraɗi kuna ina? A danna, a danna!" Da kyauta ta faɗo sai a bar zancen da ake yi a kama sunan mai ita, a ce Allah ya ƙara arziki, Alhaji, Allah ya bar mu da kai. Wanda aka kayar a sa shi wani hukunci na raha. Mai kyautar ya sayi ambato ne, kamar yadda kakansa ya saya a bakin maroƙi.

Tallar ƴan kasuwa da sayar da kaya

Ga mafi yawan masu wannan sana'a a Maraɗi, nan ne kuɗi mai tabbas yake, kuma da sefa ake biya, hannu da hannu. Garin na fatake ne, mai shagon waya, mai atamfa da shadda, mai turaren wuta, mai gidan abinci ko kamfanin motocin sufuri duk suna neman wanda zai kai su idon jama'a. Ɗan barkwanci ya zo shago da abokinsa mai riƙe waya, a shirya ɗan wasa na minti ɗaya: ya shigo yana taya kaya da rainin wayo, mai shago ya kore shi, a ƙarshe a nuna allon shago da lambar waya, a faɗi unguwa, Zariya ce ko Ali Ɗan Tsoho ko bakin babbar kasuwa. Ba a cika rubuta yarjejeniya ba. Farashi na bin yawan mabiya da iya ciniki, wani lokaci ma da kaya ake biya, turmin zane ko sabuwar waya. Kakar wannan aiki ita ce gabanin azumi da sallah biyu, da lokacin gasar takobin kokowa.

Mata da yawa ba sa jiran mai talla. Daga cikin gida suke ɗora hoton lalle, kayan yaji, dubulan ko kayan ɗaki a WhatsApp da TikTok, mai so ta turo kuɗi, ɗan kabu-kabu ya kai kaya. Masu ɗaukar bidiyo kuma shafinsu shi ne shaidar aikinsu, da shi ake kiransu biki da suna.

Mawaƙa kan saka waƙoƙinsu a Audiomack, Boomplay da Spotify ta hannun kamfanonin rarrabawa. Abin da ke fitowa kaɗan ne, kuma tun 2024 Spotify ba ya biyan waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba. Kuɗin wata da mabiya ke biyan mai wallafa irin na shafin Patreon, da ladan dillanci irin na kantin intanet na Amazon, ba su yi tasiri ba, saboda ƙarancin masu katin banki.

Karɓar kuɗi da ɗawainiya

A cikin ƙasa, kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza, da asusun waya na Airtel, Moov da Zamani, sun wadatar. Kuɗin waje ne ke da wuyar fitowa. Da yawa sukan sauka a bankin Najeriya da naira, sannan a canja su sefa, faɗuwar naira tun 2023 kuma ta zaftare rabon masu bin wannan hanya, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da rufe iyaka da yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ya tsayar da harkoki har farkon 2024. Akwai kuma kuɗin mega, cajin waya da hasken ɗauka. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Nijar a 2025.

Doka da saɓani

Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci kan ɓata suna, zagi da yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a. An cire ɗauri kan ɓata suna da zagi a 2022, aka mayar da shi a Yunin 2024. Haƙƙin mallakar fasaha yana hannun BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar.

Malamai sun rabu kan kuɗin talla, musamman idan tallar ta ƙunshi kiɗa, caca ko bashin ruwa, da kuma kan fitar mata a shirin kai tsaye. Wasu na ɗaukar neman kyauta a matsayin bara, masu yi kuma na cewa ladan nishaɗi ne.