Waiwaye: Yadda Aka Kai Ga Auna Kamun Magani a Ƙarin Ciwon Daji da Haske

Tun farkon ƙarni na 20 masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, wanda ya fara bincikensa da rina ƙwayoyin jiki, ya kafe a kan cewa magani ba ya aiki sai ya kama abin da aka nufa da shi. Likitocin ciwon daji sun yarda da hakan, sai dai sun daɗe ba su da hanyar ganin kamun a jiki mai rai. Iyakarsu su auna magani a jini, ko su yanko tsoka daga ƙari, wadda ba ta nuna komai sai halin wannan gurbi a wannan sa'a.

A 1941 Albert Coons na Jami'ar Harvard ya liƙa rini mai ƙyalli a jikin furotin na garkuwar jiki, har aka ga inda yake sauka. Amma isa wuri daban, kamawa daban, domin ƙari yana da jijiyoyin jini masu yoyo da matsin ruwa mai yawa, magani kan taru a gefensa yana ƙyalli alhali bai shiga tsakiya ba.

Mafita ta fito daga lissafin da Theodor Förster ya wallafa a 1948, cewa rini yana miƙa wa wani rinin kuzarinsa idan tazararsu ba ta wuce nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma idan hakan ta faru ƙyallin na farkon kan mutu da wuri. A kan wannan ne Xavier Intes da Margarida Barroso a jihar Niu Yok suka gina aikinsu: suna yi wa trastuzumab, maganin kansar mama da Amurka ta amince da shi a 1998, alama da rini iri biyu, su yi wa ɓera mai ƙari allurarsa, sannan su auna daɗewar ƙyallin. Inda ya gajarta, maganin ya cunkushe ke nan a kan HER2, furotin da yake kamawa a jikin ƙwayoyin kansar, har rinin biyu suka kusanci juna. A ganina wannan ne ci gaba mafi muhimmanci, tunda yana rarrabe maganin da ya kasa da wanda bai sami kamawa ba tun farko.

Cikas ɗin shi ne haske ba ya ratsa tsoka da nisa, don haka yawancin awon a ɓeraye ake yinsa. Rinin Cytalux da aka amince da shi a 2021 yana haska wa likitan tiyata kansar ƙwan mace, amma ba ya faɗin yawan maganin da ya kama.